Littafin Shagon Baba

Ranar da zan cike takardar jami'a
a shagon Baba muka taru, Kasuwar Barci,
tsakanin dilolin atamfa da ƙamshin sabon yadi.
Kawu Barau ya ce likita.
Inna ta ce malanta, a tashi ƙarfe biyu a dawo gida.
Ni kuwa na ɗora biro kan layin kasuwanci.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Shekara huɗu don koyon saye da sayarwa?
Ga ubanki nan, aji uku bai gama ba,
kuma bai taɓa kuskuren canji ba."
Baba bai tanka ba.
Ya ci gaba da awon shadda
da tef ɗin da ya fito da shi daga masaƙar Kakuri
ranar da aka sa wa ƙofarta kwaɗo,
aka ce su je, za a neme su.

A aji ɗaya Dakta Yayock ya rubuta a allo:
kowace naira gida biyu gare ta,
inda ta fito da inda ta kwana.
Wanda ya san ɗaya ya mance ɗaya,
in ba ɓarawo ba ne, to shi za a yi wa sata.

Laraba na ƙetaro gada daga Sabon Tasha kullum safe,
mu jiƙa garin kwaki, mu raba gyaɗa,
mu raba mafarki.
Ita banki take so, mai sanyi da kujera mai juyawa.
Mudi ya ce ofishin haraji.
Wani a bayan aji ya ce ku dai bari,
yayana da digirinsa yake tuƙa keke mai ƙafa uku.
Aka yi shiru. Fanka na ta juyawa.

A aji uku aka ce kowa ya samo
littafin wata sana'a ya bincika.
Na ɗauko na Baba,
mai bango ja, rabi boko rabi ajami,
da tabon shayi a shafin watan azumi.
Dare uku ina tarawa ina ɗebewa.
Sai ga wani layi siriri a gefen shafi,
kuɗi na fita ba suna, ba dalili,
sai harafi ɗaya tilo.
Na haɗa jimla, ta kusa cinye ribar.

Na ce, "Baba, akwai ɓera a shagon nan."
Har na fara hararar yaron shago.
Ya gyara tabarau, ya ce, "Duba kwanan watan."

Na duba.
Ranar rajista. Ranar sayen littattafai.
Makon da na ce sai da kwamfuta.
Kuɗin mota, Litinin bayan Litinin.
Harafin kuwa zaira ce,
farkon sunana, Zulai.

Na kai wa Dakta, na ce a wane gida zan sa wannan,
asara ko jari?
Ya daɗe yana kallon tabon shayin.
Ya ce, "Wannan amsar ba a wurina take ba."

Yanzu na gama. Takardu bakwai na aika,
biyu sun amsa, ɗaya ta ce in zo ranar Alhamis.
Laraba ta samu bankinta, a tsaye take wuni.
Kawu Barau ya zo jiya da dare
da takardun harajinsa a leda, yana sosa ƙeya.

Ban san inda zan kwana ba tukuna,
amma na san inda na fito.
Da safe na buɗe littafin mai bango ja,
na ja layi a ƙarƙashin zaira ta ƙarshe.
Baba ya karɓi biron, ya ce, "Bar shi a buɗe.
Ƙanwarki ma da harafi."